Takardun da Na Sarƙe a Zare

Ranaku da yawa sun wuce ni a wannan aiki, na share su tare da ƙasar da nake sharewa, ba su bar mini komai ba. Amma Litinin ɗin da tsawa ta faɗa wa akwatin babban gini, ita kam ta zauna, kuma ba na jin za ta tashi sai ranar da anka ɗauke ni.

Sunana Kulu, 'yar Gulma ta ƙasar Argungu, aure ya kawo ni Nassarawa a Birnin Kebbi. A sashen kwamfuta na jami'a Inna Kulu ake ce mini. Shara da goge-goge ne aikina har na aje tsintsiya bana. Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Madam Rifkatu ce ke riƙe da alƙalami, ni ke faɗa, don an ce duk mai barin aiki ya bar wa na baya magana guda. To ga tawa.

Bari in fara da fasalin gidan, saboda wanda bai san shi ba. A sama akwai Darakta, shi ake kira in abu ya lalace. Ƙarƙashinsa injiniyoyi, ƙarƙashinsu masu jan waya da gyaran kwamfuta, sa'an nan mu masu shara. Mu a lokacin ma'aikatan wucin gadi ne. Ba mu da takardar ɗauka ta dindindin. In an ce miki gobe kar ki zo, to kin gama.

Aikin sashen kuwa, da ban-ruwa na gane shi. Duk wanda ya tashi a fadamar Rima ya san yadda inji ke jawo ruwa daga gulbi ya zuba a babbar hanya, babbar hanya ta raba wa ƙanana, kowace gona da bakin ruwanta. Haka netwok yake. Akwai ɗaki mai sanyi inda manyan na'urori suke, saba ake ce musu. A cikinsu sunayen ɗalibai suke, da sakamakonsu, da tambayoyin jarrabawa. Ɗakin nan ba a kashe masa sanyi, ba a shigar masa da bokitin ruwa, in wuta ta ɗauke batura su riƙe shi har janareta ya tashi. Daga nan waya ke bi ta ƙarƙashin ƙasa zuwa kowane gini. A kowane gini kuma akwai akwatin ƙarfe tsawon mutum, inda ake raba layi ɗaki-ɗaki.

Cikin akwatin abu biyu ne. Akwai allo mai ramuka, kowane rami bakin waya ne da ta shige bango ta nufi wani ɗaki. Akwai kuma na'urar rabo, suwic, ita ma da nata ramukan da 'yan fitilu masu ƙiftawa kore. Gajerun wayoyi ke haɗa allon da suwic. Kowane rami na suwic an saita shi da aikinsa, layin jarrabawa daban, na ɗakin karatu daban, na ofisoshi daban, don kada wanda ke zaune a ofis ya hango tambayoyi. Saboda haka dole a san wane rami na allo ke zuwa wane ɗaki. A akwatin babban gini ramuka arba'in da takwas ne, jeri biyu, kuma ƙarƙashin kowane rami ɗan kwangilar da ya ja wayoyin tun da daɗewa ya liƙa 'yar takarda mai rubutu. Duk wannan daga baya na san shi. A lokacin abin da na sani akwati ne mai ƙugi.

Farkon damina anka ce manyan baƙi za su zo duba kayan aikin jami'a. Darakta ya tara mu, ya ce ko'ina a goge, har cikin akwatuna. Da hannunsa ya miƙo mini makullin akwatin babban gini.

Ya ce, "Inna, busasshen tsumma kawai. Kada ki ja waya, kada ki taɓa maɓalli."

Na ce, "Ranka shi daɗe, na ji."

Da na buɗe, sai ga takardu biyu a ƙasan akwatin, ɗaya ma har ta fito waje an taka ta. Na ɗaga ido na ga sauran duk sun yi ja, gam ya bushe, sun nannaɗe kamar ganyen da rana ta dafa, iskar fankar akwatin na kaɗa su. Mu yadda anka tarbiyyantar da mu, takarda mai rubutu ba ta zama a ƙasa kuma ba ta shiga shara, don ba ka san ko da sunan Allah a ciki ba. Ni da ban iya karatu ba, kowane rubutu guda ne a wurina. Na ce a raina, an hana ni waya, an hana ni maɓalli, ba a hana ni takarda ba. Bari in cire su kafin su zube, in kai wa Madam Rifkatu ta sa musu sabon gam. Ita ce injiniyar da ke kula da akwatunan gine-gine.

Kullum da allura da zare a bakin zanena. Innata bandar kifi take yi a Gulma, masunta na kawo mata tana sarƙewa a igiya bi da bi. Wanda ya fara kawowa nasa ke gindin igiya, in wani bai kawo ba ranar ta ɗaura ƙulli a gurbinsa don kada jeri ya rikice. Hannuna bai san wata hanyar aje abu ba. Na yi bisimilla, na cire na sarƙe, na cire na sarƙe. Inda na tarar da gurbi babu takarda na ɗaura ƙulli. Biyun da sunka faɗi na ƙulle su daban. Na sa duka a gwangwanin madara, na aje a ɗakin tsintsiya, na goge akwati tas, na mayar da makulli.

Madam Rifkatu ba ta nan ranar, an tura ta kwas na sati guda. Baƙi sunka zo sunka tafi, ko akwatin ba su buɗe ba. Ana haka ɗiyata ta haihu a Ambursa, na nemi izini na tafi zaman jego har anka yi suna. Da na dawo gwangwani ya fita raina fit. Netwok na tafiya lafiya, kuma abin da ke aiki ba mai buɗe shi.

Sai Litinin ɗin. Hadari ya taso da hantsi daga gabas, ruwa ya sauko, tsawa ta fashe a kanmu har tagogi sunka amsa. Ina goge ruwan da ya shigo baranda na ji ƙaurin roba. Malam Nura, ɗaya daga masu jan waya, ya zo a guje ya buɗe akwati, hayaƙi na fita daga suwic. Ya kashe wuta, ya fizge gajerun wayoyin nan gaba ɗaya ya zubar a ƙasa don kada gobara ta bi su. Abin da ya kamata ya yi ke nan.

Ba wanda ya ruɗe da farko. Akwai suwic na ajiya a sito, kuma ƙa'idar sashen ce a riƙa adana saitin kowace na'ura a saba. Madam Rifkatu ta ɗauko sabuwar, ta ɗora mata saitin tsohuwar, ta ɗaura ta a akwati. Ta ɗauki waya ta farko za ta haɗa, sai hannunta ya tsaya a sama.

Ta ce, "Nura, ina takardun allon nan?"

Ya leƙa. Ya ce, "Wallahi ban ko lura ba. Hala ɓeraye sun yi karatu da su."

Ta ce, "Ba wasa nake ba."

Washegari Talata da ƙarfe tara 'yan aji ɗaya za su fara jarrabawar kwamfuta a babban ɗakin da ke ginin. In babu takardun nan, sai mutum biyu sun bi kowace waya da na'urar gwaji, ɗaya a akwati ɗaya na yawo ɗaki-ɗaki, ga ofisoshin da masu su sunka kulle sunka tafi da makulli. Malam Nura ya ce aikin kwana biyu ne, in an yi sa'a.

Darakta ya iso da jiƙaƙƙiyar riga. Mutum ne da ba ya ɗaga murya, shi ya sa in ya yi ƙasa da ita kowa ke shiga taitayinsa.

Ya ce, "Madam, na ce a kwafe bayanin kowane allo a littafi. Ina na wannan?"

Ta ce, "Yallaɓai, na gama na sababbin gine-gine. Wannan ne ya rage, ban kai gare shi ba."

"Takardun fa? Akwatin nan a hannunki yake."

"Ban san inda suka shiga ba, yallaɓai."

Ya ce, "In an ɗaga jarrabawar gobe, sai na rubuta wa na sama dalili, kuma sai na ba ki takardar tuhuma. Kin san ba son raina ba ne."

Ga wanda bai sani ba, takardar tuhuma tambaya ce a rubuce da ke shiga fayil ɗin ma'aikaci ta zauna. Madam Rifkatu kuwa a shekarar ake duba fayil ɗinta don a tabbatar da ita a aiki. Daga ƙasar Jos sunka zo ita da mijinta, 'ya'yansu uku. Ranar da ciwon ƙafa ya kama ni, ita ce ta sa ni a motarta har ƙofar gida.

Ina tsaye bai fi taku goma ba, tsumma a hannu, sai gwangwanin madara ya faɗo mini a rai kamar an jefo dutse a rijiya. Ba wanda ya dube ni. Darakta ma ya manta ya taɓa ba ni makulli. Mai shara kamar ƙofa take, kowa na bi ta gabanta ba mai tuna ta.

Ba zan yi wa kaina ado ba, ban yi magana nan take ba. Na ja bokitina na koma ɗakin tsintsiya na zauna a kan kujerar roba. Zuciya ta ce, Kulu, ita tana da takardun makaranta, ko an kore ta za ta sami wani wuri. Ke fa? Mijinki ya rasu, marayun ɗanki biyu na hannunki, kalma guda ta isa a sallame ki. Tura gwangwanin nan bayan buhun omo ki yi shiru. Na zauna da wannan magana har anka kira azahar. Na yi alwala, na tayar da salla, wallahi sai na rasa raka'a ta nawa nake. Da na sallame na ce, wadda ta ɗauke takarda daga ƙasa don tsoron Allah, yau ita za ta bar mutum a ƙasa?

Na ɗauki gwangwani na tafi. Na tarar da su ukun a bakin akwati, an fara bin waya ɗaya-ɗaya, tun hantsi huɗu kacal sunka gano. Malam Nura ya hango ni. Da ma wasan jika da kaka muke yi da shi.

Ya ce, "A'a, amaryata, hura kinka kawo muna cikin gwangwani? Yau ko ke ba ki iya sanyaya min rai."

Na durƙusa gaban Darakta.

Na ce, "Ranka shi daɗe, a bar ɗiyar mutane. Ni na cire su. Ga su nan."

Na faɗi komai, tun daga takardar da anka taka har zuwa sunan jikana a Ambursa. Darakta ya rufe ido ya buɗe.

Ya ce, "Inna, tashi. Ba ki durƙusa min, kin haife ni." Sa'an nan ya dubi gwangwanin. "Sai dai takarda arba'in da takwas a cakuɗe ba su da amfani. Ba mu san wace ta wane rami ba ce."

Na ce, "Ba a cakuɗe suke ba."

Na jawo zaren, ya fito zarara, takardu a jere kamar kifin banda. Madam Rifkatu ta karɓa da hannu biyu. Ta ƙirga, ta kai kan ƙulli ta tsaya.

Ta ce, "Mama, wannan ƙullin fa?"

Na ce, "Gurbin wadda ta faɗi ne, ɗiyata. Ƙulli biyu ne, ga takardunsu daban."

Ta ce, "Wacce kika fara cirewa?"

"Ta gindin zare. Jerin sama na fara."

Ta aika Malam Nura ɗakin jarrabawa da wayar hannunsa, ta hau liƙa takardu da salatif. Ni ina gefe riƙe da ƙofar akwati. Na ga hannunta ya fara daga hagu. Wani abu ya motsa a raina, amma na ce wace ni in gyara wa injiniya, ban gama da laifin farko ba. Ta gama jerin sama, ta haɗa waya shida da takardunsu sunka ce na ɗakin jarrabawa ne, ta kira Malam Nura.

Muna jin muryarsa ta waya: "Madam, ko guda ba ta tashi ba. Duk sun yi jugum sai ka ce gidan makoki."

Darakta ya sauke numfashi. Ya ce, "To, jerin ya rikice. A koma bin waya. Zan je in sanar a ɗaga jarrabawa."

Har ya juya. Na ce, "Ranka shi daɗe, in an ba ni izini."

"Faɗi, Inna."

"Ita ta faro daga hagu. Ni daga dama na fara."

Madam Rifkatu ta ce, "Daga dama? Don me, Mama?"

Na ce, "Ɗiyata, mi ad da hagu da za a fara da ita? Takalmi da dama, alwala da dama, shara ma daga dama nike ɗaukowa. Jerin ƙasa ma haka."

Darakta ya dafe baki, na ga kafaɗarsa na rawa don dariya. Madam Rifkatu ta ɓalle takardun, ta juya jerin, ta fara daga dama. Ta haɗa waya ta farko. Fitila ta yi kore, ta ƙifta. Ta haɗa ta biyu. Wayar hannunta ta yi ƙara.

Malam Nura na ihu: "Layin farko ya tashi! Na biyu ma! Ku ce wa amaryata na ƙara mata sadaki!"

Haka anka bi su har ƙarshe. Takardun ƙulli biyun nan anka gwada, ɗaya ta ɗakin karatu ce, ɗaya ta ofishin jami'in jarrabawa. Kafin la'asar sakaliya duk fitilu na ƙiftawa. Madam Rifkatu ba ta bar wurin ba sai da ta kwafe allon a littafi, ta kuma ɗauki hotonsa. Talata da ƙarfe tara ina shara a baranda ɗalibai sunka shige a layi, kowa da katinsa a hannu, ba wanda ya san an yi wani abu jiya.

Laraba Darakta ya kira mu ofis, ni da ita. Na tafi da mayafina mai kyau, na ce in sallama ce a sallame ni da mutunci. Kafin ya buɗe baki Madam Rifkatu ta riga shi.

Ta ce, "Yallaɓai, da na kwafe allon tun lokacin da ka ce, da ko an cire takardu ba abin da zai faru. In za a rubuta, a rubuta ni. Mama ba ta san aikinsu ba."

Na ce, "Ranka shi daɗe, ba ita ta cire ba."

Ya ce, "Ku dakata, kun ishe ni da rabon laifi kamar rabon naman layya. Ni ma ina da kaso. Ni na ba Inna makulli, na ce kada ta ja waya, kada ta taɓa maɓalli. Ban ce mata komai kan takarda ba. Shekara nawa tana goge kayanmu, ko sau ɗaya wani cikinmu ya taɓa tsayawa ya gaya mata mene ne wannan, mene ne wancan?"



Ya ce, "A rahotona na rubuta tsawa ta ƙone suwic, an cire takardun allo bisa rashin sani saboda umarnina bai cika ba, an gyara a yini guda. Ba takardar tuhuma ga kowa." Ya juyo gare ni. "Inna, laifinki ɗaya da ba zan ɗauke miki ba, kin yi abu a akwati ba ki faɗa wa kowa ba. A aikin nan, ko ƙusa ka matsar, ka faɗa, a rubuta."

Na ce, "Na karɓa. Amma ranka shi daɗe, in tambaya. Akwai sunan Allah a cikinsu?"

Ya yi murmushi. Ya ce, "Babu, Inna. Sunayen ɗakuna ne. Amma kin fi mu girmama su."

Daga ranar anka kafa ƙa'ida. Duk sabon mai shara, injiniya ke zagayawa da shi yini guda, a buɗe masa akwati, a kai shi ɗakin sanyi, a nuna masa abin taɓawa da abin bari, da dalili. Ni Madam Rifkatu ta zagaya da ni, shi ya sa yau na iya ba ku labarin suwic. Anka sayo 'yar na'urar buga takarda mai gam da ba ya bushewa. A shekarar anka tabbatar da ita a aiki, daga baya ni ma sunana ya shiga cikin na dindindin, kuma na san Darakta ne ya tura shi. Allah shi saka masa, shi jiƙan mahaifansa. Madam Rifkatu ta ce in rage yabon da nake mata a nan, na ce ta rubuta yadda na faɗa, alƙalami nata ne amma baki nawa ne.

Ku na baya, abin da na gani ke nan. Mutanen sashen nan in aikinsu ya yi kyau ba mai tuna su, sai ranar da layi ya ɗauke kowa ya san hanyar ofishinsu. Ashe ni da su sana'armu guda. Kada ku raina ƙaramin abu a akwati, kada ku ji kunyar tambaya, kuma in kun yi ɓarna ku faɗa tun da hantsi, kada ku kai azahar kamar ni.

Ranar da anka kawo na'urar buga takardar, Malam Nura ya buga ta farko ya liƙa a ƙofar ɗakin tsintsiya. Na ce mi ka rubuta? Ya ce sunana ne, da ƙasa kuma "A fara daga dama." Har yau ban iya karanta ta ba. Shekara da shekaru ina goge ƙofar nan, ina kewaye ta da tsumma, ban taɓa cire ta ba. Wadda ta gaje ni, ita ma na roƙe ta ta bar ta.